Tekun Cikin Falo, Jiya da Yau

Farin murjani ya ɓace daga shagunan kifin ado na Jidda, kuma ban ji wanda ya yi cigiyarsa ba. Duk wanda ya san waɗannan shaguna a shekarun 1980 zai tuna shi: ƙasusuwan murjani busassu, farare tas, wasu masu rassa, wasu dunƙulallu, wasu masu faɗi, an jera su a kan kanta ana ciniki, an kuma cusa su a kowane tanki. Da ya tashi tafiya bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da warin bilic da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa, da gurnanin ɗan injin iska, da ɓulɓulin kumfa mai tasowa ta bututu biyu a kusurwoyin gilashi. Yau in ka shiga irin shagon, shuɗin haske ne zai fara dukan idonka. Murjanin da ke cikin ruwan kuwa da ransa, yana buɗewa yana rufewa, an dasa shi a kan 'yan ƙananan faifai, an rubuta kuɗinsa a jikin gilashi.

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni na ga wannan sauyi da idona. Sabon shiga ne a harkar. Ya ɗan jima yana riƙe da ƙaramin tanki mai cin lita 60, da kifi biyu irin masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda yara ke kira Nemo tun fitowar fim ɗin nan na 2003. Da ya ga sun rayu har sun yi ƙiba, sai zuciya ta raya masa ya koma tanki mai lita 300. Ya ce in raka shi kasuwa, don ya ji a gida cewa na tashi a hannun Baffa, wanda ya ci abinci da wannan sana'a shekara da shekaru. Na raka shi, na tarar kusan duk kayan da na sani an daina yayinsu.

Baffa yayan mahaifina ne. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka taso da niyyar hajji, suka bi ta ƙasa har Sudan, suka tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, Allah bai yi komawarsu ba. Garuruwan nan biyu, Sawakin da tsohuwar Jidda, da dutsen murjani aka gina gidajensu. Har yau in ka shafa bangon tsohon gida a unguwar Balad, inda shafe ya ɓare, za ka ji zanen halittar da ta ƙera dutsen a ƙarƙashin yatsanka. To, murjani ba baƙonmu ba ne. Baƙon abu shi ne a tsare teku a gilashi a ajiye a falo, wannan kuwa kuɗin man fetur ne ya kawo shi. Masu hali da manyan ofisoshi suka shiga son tankin kifi, aka rasa masu kula da shi, Baffa ya bar dako a tashar jiragen ruwa ya kama wannan.

Aikin ƙarfi ne. Da an idar da sallar asuba zai loda jarkoki a bayan akori-kura mu nufi Ubhur, arewa da gari, ya nemi inda ruwa ke da haske, nesa da man jirage. Mu yara namu miƙo jarka ne da riƙe mazurari. Ina tuna sanyin ruwan a ƙwauri, da yadda gishiri ke bushewa a fata ya bar farin zane, da ƙaiƙayin da ke biyo baya in rana ta ɗaga. Ba a zuba ruwan a tanki ranar da aka ɗebo shi. Sai ya juye a duro ya rufe ruf, ya bar shi a duhu na makonni, ya ce a bari abin da zai mutu a ciki ya mutu ya kwanta. Sannan ya sirka shi da ruwan daɗi kaɗan, domin ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri: nasa ya kai kusan giram 40 a lita, na sauran kuwa wajen 35 ne. Yana da ma'aunin gishiri na gilashi, dogo siriri mai iyo a ruwa, wanda yake naɗewa a tsumma ya sa a aljihun gaba. Duk da haka sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana kafin ya duba ma'aunin, kuma da wuya su saɓa.

Farin murjanin nan shi ne rabin wahalar. Ba ya mako biyu sai gansakuka ta rufe shi ya koma ruwan ƙasa, mai gida kuma fari ya saya, fari yake son gani. Saboda haka kowane tanki yana da murjani kashi biyu, ɗaya a ruwa, ɗaya a wanka. A jiƙa shi a bilic ya kwana, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa, a shanya a saman bene har hanci ya daina jin komai, domin ɗan abin da ya rage na bilic ya isa ya kashe tanki guda. A ƙasan tanki akwai farantin roba mai huji-huji da aka lulluɓe da tsakuwar murjani. Injin iska yana jan ruwa ta cikin tsakuwar, ita ce matata. Fitila kuwa doguwa ce irin ta ofis. Iyakar kayan aikin ke nan, sai tiyo da bokiti da soso.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamansa. In muka shiga gida ba ya taɓa komai tukuna. Zai ja kujera ya zauna gaban gilashi ya yi shiru, har mai gadi ya ɗauka hutawa yake yi. Yana duba wanda numfashinsa ya yi sauri, da wanda ke goga jiki a dutse, da wanda ya maƙale a kusurwa bai fito tarbar abinci ba. Sai ya ɗaga murfi ya shinshina. In ya ji abin da bai yi masa ba, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza," ya shiga neman gawar da ta ɓuya a bayan murjani, ko abincin da wani yaron gida ya antaya. Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa. Ya ce, "Ɗana, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

In na tsaya a nan na ce zamanin ya fi albarka, ban yi wa kifayen adalci ba. Mutuwa suke yi, ba kaɗan ba. Cikin aikin Baffa har da maye gurbin wanda ya mutu kafin mai gida ya lura, kuma da wuya wata ya wuce ba a maye ba. Akwai wasu kifaye masu faɗi, masu launin da ke ɗaukar ido, da ake kamowa a nan bakin tekunmu, waɗanda ba su da wani abinci a duniya sai naman murjani mai rai. A sa su a tanki cike da ƙashin murjani, su yi ta caccakar busasshen dutse, su rame, yunwa ta kashe su a tsakiyar ado. Idon Baffa yana ganin ramar, amma bai san dalilinta ba, kuma babu mai gaya masa. Wanda ya sani ma ɓoyewa yake yi, tunda kifin da ya mutu sabon ciniki ne. Shi kansa farin murjanin, da ransa aka ɓalle shi daga ƙarƙashin teku aka kashe. A Filifin kuma, tun shekarun 1960 masu nutso suka koyi fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya sume a kama shi cikin sauƙi. Da yawa sukan iso shago da kyansu, bayan 'yan kwanaki su faɗi babu ciwon da ake gani.

Ba a kanmu aka fara wannan ɓarna ba. A Ingila, bayan an buɗe ɗakin kifi a gidan namun dajin Landan a 1853, Philip Henry Gosse kuma ya fitar da littafinsa kan tankin ruwan teku a 1854, jama'a suka yi ca a gaɓar teku da guduma da bokiti. Ɗansa Edmund, a littafin da ya wallafa a 1907, ya koka cewa kududdufan bakin tekun da ya sani yana yaro an kwashe su ƙarƙaf, kuma farin jinin littattafan mahaifinsa ne ya jawo. Masoya teku ne suka yi wa teku haka.

Gyara ya zo sannu a hankali, daga wurare masu nisa da juna. A shekarun 1960 gishirin haɗi ya shiga kasuwa, wanda ake damawa da ruwan daɗi ya zama ruwan teku, aka kuma fara liƙa gilashi da silikon, aka huta da firam ɗin ƙarfe da gishiri ke ci. A 1961 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa in ka ɗauko dutse daga teku da duk abin da ke jikinsa, ba ka wanke ba, ba ka kashe ba, dutsen da kansa zai tace maka ruwa. A shekarun 1970 da 1980 masu sha'awar abin a Jamus, musamman a Balin, suka haɗa wannan dutse mai rai da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa, wadda ke kaɗa ruwa da iska har datti ya hau kan kumfa ya zube a kofi. Sai ga murjani mai ƙashi yana tsiro a cikin ɗaki. Daga nan aka gane cewa cikin abin da ake kashewa da bilic duk mako biyu har da abin da ya kamata a raya.

Bakteriya ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya da ke zaune a jikin dutse da yashi su mai da ita naitirait, shi ma guba. Wasu kuma su mai da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa in bai yi yawa ba, canjin ruwa kuma yana rage shi. Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi. Baffa ya san sabon tanki yana kisa, tsoho ba ya yi, shi ya sa yakan ɗebi tsakuwar tsohon tanki ya zuba a sabo, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya yi daidai ba tare da ya taɓa jin sunansu ba.

Na riski zamanin dutse mai rai a shekarun 1990, lokacin ƙarfin Baffa ya fara ja baya. A kwali yake zuwa, an naɗe shi da jiƙaƙƙiyar jarida, in aka buɗe sai ƙarnin teku ya cika shago. Jikinsa dabbare-dabbare da ruwan hoda da shunayya, kowane dutse da baƙinsa. Da dare in aka kashe fitila aka haska tocila, sai ka ga 'yan ƙaguwa, da tsutsotsi masu gashi, da jatan lande da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da wasu 'yan furanni da ke shigewa rami da inuwa ta gifta. Bayan wata shida da saye wani abu zai fito wanda ba ka taɓa gani ba. Wani lokaci alheri, wani lokaci bala'i: ƙaguwa mai cin kifi, ko furen teku mai harbi da ke yaɗuwa yana ƙone murjani.

Shi ma wannan dutse yanzu ya yi wuya. Tun 1997 aka hana ɗibarsa daga tekun Fulorida. A ƙarshen 2017 Fiji, wadda ta daɗe tana cika kasuwar duniya da shi, ta dakatar da fitar da shi, a 2018 kuma Indunusiya ta tsayar da fitar da murjani na kusan shekara biyu. Abin da ɗan ƙanwata ya saya busasshen dutse ne, wani an haƙo shi a tudu, wani an ƙera shi an shafa masa launi, sai kwalbar bakteriya da ake tsiyayawa a kai. Babu ƙarni, babu baƙo, babu abin haskawa da tocila. Ni dai na ji rashin. Amma in aka tambaye ni wa ya fi cancanta da dutsen, ni mai son kallo ko tekun da ya yi shekaru aru-aru yana gina shi, ba ni da bakin magana. Busasshen dutse kuma yana karɓar nasa haƙƙin ta wata hanya. Watannin farko tanki yakan yi muni: ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi, koren gashi ya biyo baya, wani lokaci har da jan yauƙi, kafin abubuwa su daidaita. A nan sababbin shiga da yawa suke karaya.

Dalilin da ya sa ake ba sabon shiga shawarar babban tanki a fili yake. Cokalin gishirin da zai lalata miyar mutum biyu, a tukunyar biki ko jinsa ba za a yi ba. In kifi ɗaya ya mutu a ɓoye a lita 60, kafin gari ya waye amoniya ta gama da sauran. A lita 300 gubar ta kasu biyar, mai tanki ya samu sararin gani da gyarawa. Haka zafi yake. A gari irin Jidda, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rani, ƙaramin ruwa nan da nan yake wuce digiri 24 zuwa 26 da ake so, babba kuwa yana jan lokaci. Ga kuma ruwan da ke bin iska: shi ke tashi, gishiri yana nan, don haka da tataccen ruwan daɗi ake cike gurbin, kuma in aka yi sakaci ƙaramin tanki ne ke fara nunawa. Babban tanki lokaci yake saya wa mai shi. Abin da zai yi da lokacin kuwa, wannan ba a sayar da shi a shago.

Sai dai ba rangwamen kaɗai ke ninkawa biyar ba. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, ruwansa kaɗai ya haura kilo 300. In aka haɗa gilashi da dutse da yashi da mazauni, ana maganar kilo 400 ko fiye a ɗan wuri guda, kuma dole ya zauna daidai, don gilashin da ya karkace ranarsa kawai yake jira. Cikon farko ya ci gishiri fiye da kilo 10. Canjin kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako, da lita 6 ne, ko bokiti bai cika ba; yanzu lita 30 ne. Ga na'urar tace ruwan famfo, ga ta kumfa, ga injinan kaɗa ruwa, ga wani tankin a ƙasa cikin kabad inda ake ɓoye kayan, ga kuɗin wuta. Yaron ya yi lissafin gilashi da fitila, sauran a gaban kanta ya gamu da su.

Ranar ƙaura na ga tsohon sani da sabo sun yi musabaha. Ya riga ya cika sabon tankin da makonni, ya bar ruwa yana zagayawa babu kifi, yana gwaji da 'yan kwalabe yana kwatanta launi da kati, har amoniya da naitirait suka sauka sifili. Ya daidaita gishirin tankunan biyu a 1.025 da wani ma'auni da ake ɗiga wa ruwa a leƙa da ido ɗaya, ya daidaita zafinsu. Tsohon dutsen a bokiti ya ɗauke shi cikin ruwansa, bai bari ya bushe ba balle ruwan famfo ya taɓa shi. Da ya kai hannu zai kwashe tsohon yashin duka, na ce ya tona gefe ɗaya ya shinshina. Ya tona, baƙi ya taso, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancinsa. Ya ce, "Kawu, wannan fa?" Na ce dattin da ya kwanta ne inda iska ba ta kaiwa, ya ɗebi kofi ɗaya daga sama-sama ya zuba a kan sabon yashi, sauran a zubar. Kifin biyu su aka ɗauka a ƙarshe, fitila a kashe, aka kuma yi alkawari babu sabon kifi sai bayan wata guda, shi ma ɗaya bayan ɗaya.

Alkawarin nan shi ne jarrabawar. Kifi biyu a lita 300 sun bar fili, ido kuma ba ya son fili. Ba a jima ba ya turo mini hoton sohal, kifin nan na Bahar Maliya mai siraran ratsi da shuɗin baki-baki, ɗan ƙarami tsawon yatsa. Ya ce, "Kawu, yanzu ai ina da wuri." Na ce masa wannan ɗan yatsan yana kai santimita 40, yini yake yi yana sheƙa gudu a kan tudun murjani, ga faɗa, abin da shi ya gani babba, wurin sohal ko juyawa ba ta isa ba. A zamanin Baffa da tuni an saya, domin babu mai sa ran kifin zai yi tsawon ran da zai girma. Yanzu zai rayu, zai girma, matsala ta zauna daram. Wasu in kifi ya fi ƙarfinsu sai su kai shi teku su saka, suna ganin sun yi sadaka. Kifin zaki, ɗan asalin tekunan Indiya da Pasifik har da namu nan, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, kuma masana sun fi danganta zuwansa da masu tanki. Yau ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifin wurin. Mu da teku ke bayan gidanmu, tankunanmu kuma cike da kifin Indunusiya da Filifin, wannan gargaɗi namu ne.

Babbar ribar da na gani ita ce kifin nan biyu nasa ba su taɓa ganin teku ba, a gona aka ƙyanƙyashe su. Martin Moe ya fara kiwon irinsu don sayarwa a Fulorida a farkon shekarun 1970. A 2015 aka yi nasarar hayayyafar kifin tang mai ruwan ɗorawa a Hawai, a 2016 kuma shuɗin tang a Jami'ar Fulorida. Murjanin da ke kan 'yan faifan nan yawanci reshe ne da aka yanko daga na wani, aka dasa ya tsiro, shi ma a yanka a ba wani. Amma kada mu yi saurin wanke hannu. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta ana cinikin kifin ado na teku miliyan 20 zuwa 24 a shekara, iri 1,471, kuma har yau mafi yawan ire-iren daga teku ake kamo su. Tudun murjanin kansa yana fama da ɗumamar ruwa. A 2024 aka sanar da karo na huɗu da murjani ya koɗe ya yi fari a faɗin duniya. Farin da muka daina saye a shago, yanzu zafi ke yin sa a ƙarƙashin teku. Duk litar da aka ƙara a falo, an ƙara abin da za a nema daga wani wuri. Shi ya sa ya kamata "a ina aka samo shi?" ta riga "nawa ne?" fita daga bakin mai saye. Baffa bai taɓa yin wannan tambaya ba, yaron kuwa yana yi.

Inda nake jin tsoron hasara shi ne wajen ido. Tankin yaron yana magana da wayarsa. Fitilun LED suna kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta, wata na'ura tana cike ruwan da ya tashi, wata tana aiko masa da zafin ruwa yana wurin aiki. Duk wannan alheri ne, kuma da Baffa ya same su da hannu biyu zai karɓa. Bai taɓa ɗaukar jarka don sha'awa ba, bayansa ma a nan ya tafi. Amma na lura yaron yakan shigo ya duba waya kafin ya dubi gilashi. Sai na roƙe shi abu biyu: kada ya sayar da ƙaramin tankin, ya mai da shi masaukin baƙi inda duk sabon kifi zai yi makonni a killace, sannan ya ajiye kujera a gabansa.

Sabon kifin da ya fara sayowa shi ya biya kuɗin kujerar. Lambobi duka suna daidai, amma yaron yana zaune ya ga kifin yana goga gefensa a jikin bututu, da ɗigon fari biyu-uku a fiffikensa. Babu na'urar da ta faɗa masa. Da wannan cuta ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifin duka an bar shi babu kifi fiye da wata biyu kafin ƙwayar ta mutu, domin maganin da aka fi sani, mai sinadarin tagulla, yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande. A masaukin baƙi kuwa magani ya yi aikinsa, kifin ya warke. Ido na Baffa ne, sanin abin da idon ya gani da maganinsa na zamanin yaron ne, kuma ɗaya ba zai ceci kifin nan ba sai da ɗayan.

Cikin kifinsa biyu na farko, ɗaya ya fi girma yanzu, ya zama mace, kamar yadda irinsu ke yi: duka da siffar maza suke tasowa, wanda ya rinjaya shi ke juyewa. A hannun mai kula, irin wannan kifi yana haura shekara 20. Yaron ko aure bai yi ba. In Allah ya ja kwana, kifin da ya saya da kuɗin aljihu za su ga aurensa, a yi ƙaura da su sabon gida, 'ya'yansa su taso su same su. Baffa bai taɓa fuskantar wannan lissafi ba, domin nasa kifin ado ne, ana sauyawa. Na yaron kiwo ne, hukuncin kiwo kuwa sananne ne: abin da ka tsare, cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka, ranar da kake da nishaɗi da ranar da ba ka da shi, watan da albashi ya shigo da watan da ya makara. Shi ya sa da ya fara kawo mini zancen lita 600, na ce ya bari wannan ya ga rani biyu tukuna, ya yi tafiya ya dawo ya tarar da kowa da rai. In har lokacin yana ɗaukar lita 30 ɗin nan duk mako ba tare da an tuna masa ba, ni zan biya kuɗin gilashin.